Yatsun Baffa Buba

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗiyata Nana ta zo gaishe mu daga Agiye, inda take aikin jinya. Tana miƙo mini ƙwaryar fura na lura ta naɗe yatsa da ƙyallen asibiti. Na tambaya, ta ce, "Ba komi Baba, allura ce ta ɗan taɓa ni jiya, ina mayar mata da marufi."

"Wa kinka shaida ma?"

"Haba Baba! Layi har bakin ƙofa, in tsai da aiki don ɗan wanga abu?"

Na ajiye furar ban kurɓa ba. Na sa hulata, na raka ta tasha da ƙafata, na tsaya har motar Agiye ta tashi da ita, bayan ta rantse mini cewa tana sauka wurin shugabarta za ta zarce. Uwarta ta ce tsufa ya fara taɓa mini kai, yarinya ta zo yini an kore ta ko mayafi ba ta cire ba. Na ce a bar ni da haukata. Tun ranar na zauna rubuta wannan, saboda Nana da abokan aikinta, da duk wanda hannunsa ke taɓa allura bayan ta fito daga jikin wani. Labarin jinyar mutum ɗaya ne. Ni na jawo masa ciwon, kuma sai da ya kusa kabari na gane.

Ni Bagobiri ne, haifaffen wajen Gidan Rumji, kuma duk abin da ake faɗa kan taurin kanmu, a kaina dai gaskiya ne. Ina saurayi aka tura ni majo a wata ƙaramar likita, wato ɗan asibitin karkara, a wani ƙauye gabas da Gangara. Majo shi ne shugaban likita, amma ni shugaban mutum ɗaya ne tak, Baffa Buba. Bafillace ne dogo, ya girme ni da shekara ashirin da ɗoriya. Farin farko, shekarar da ruwan sama ya ɗauke, ya cinye masa shanu ƙarƙaf, ya zauna gefen gari da matarsa Inna Dije, aka ɗauke shi aikin shara da ɗebo ruwa da wanke allurai. Ba shi da yawan magana, amma in ya tashi tsokanata ba ya kuskure. In na daka wa wata tsawa, sai ya jira ta fita, ya ce, "Majo, wannan allura biyu ka yi mata. Guda da hannu, guda da baki."

Yaran yanzu ba su san cewa a da ba a yar da allura ba. Ta ƙarfe ce, gidanta na gilashi. In an yi wa mutum sai a wanke, a dafa, a yi wa na gaba. In bakinta ya dakushe a wasa shi a dutse. A lakol, makarantarmu ta jinya, sun cusa mana dafawar nan har muna mafarkinta: ruwa ya tafasa, a ƙirga minti ashirin, kada a rage ko ɗaya. Ina alfahari da cewa ban taɓa ragewa ba. Amma duk karatun a kan mara lafiya yake, kada allura ta kai masa cutar wani. Ban tuna malami ko ɗaya da ya yi mana maganar hannun da ke wanke ta kafin ta shiga tukunya ba. Mu kanmu in ta soke mu, tsotse yatsa muke yi, mu shafa alkol, mu waiga mu ga ko wani ya gani. Abin kunya ne a ce majo ya soki kansa.

Sai fari na biyu ya zo, shekara goma bayan na farko. Damina ta yi ƙarya, hatsi ya bushe yana iya gwiwa. Kafin rani ya tsaya sosai mutanen arewa sun cika bayan kasuwa da bukkokin tsumma, ga ƙyanda, ga gudawa, ga tari. Layinmu ya kai har gindin bishiyar bedin da ke bakin hanya. Rijiyar gari ta ja da baya har sai an ƙulla igiya biyu, abin da guga ke fitowa da shi ma rabinsa laka ne. Da garwa huɗu muke aiki a yini, muka koma biyu, muka koma ɗaya. A cikinta za a haɗiyi magani, a wanke gyambo, a dafa allura.

Kafin nan, kowace allura na gama da ita Baffa yana ɗauraye ta nan take, ya jera a faranti inda ido ke ganinta. Wannan yana cin ruwa. Sai na kawo dabara, har na ji daɗin kaina ranar. Na ce a zuba ruwa kaɗan a tasa ɗaya, a kaɗa garin sabulu, duk allurar da na gama da ita in jefa ciki, in sun taru a wanke gaba ɗaya. Kafin hantsi ruwan ya yi kauri da sabulu da jini, ba ka ganin gindin tasar. Muna da hantsaki ɗaya, amma lalube da shi a ruwan da ba a gani ɓata lokaci ne, ga ni kuma a ɗaki ina ƙwala kira, "Baffa, allura! Mutane na jira!" Da hannu yake tsamo su. Na gan shi ba sau ɗaya ba, ban taɓa jin ya ce uffan ba, sai na ɗauka gwaninta ce. Wata uku muna haka.

Makon farko na ciwon, abin da na fara lura da shi shi ne ya daina tsokanata. Na yi tsawa safe da yamma, shiru. Sannan na hango shi ya ajiye garwa a tsakiyar hanyar rijiya ya zauna, mutumin da a da yake yin tafiyar a numfashi ɗaya. Ramatu matata ta aiko mana da ɗan wake, ya ji ƙamshin mai, ya fita da sauri ya yi amai bayan katanga. Na tambaye shi, ya ce, "Jam, Majo, jam," wato lafiya lau. Na taɓa goshinsa na ji ɗumi, na ce zazzaɓin sauro ne, na ba shi kinin na kwana uku. Ko minti biyu ban ɓata a kansa ba, ga layi na jira.

Mako na biyu Inna Dije ta zo da kanta. Wannan mata, saboda kunya, ba ta taɓa taka likita mijinta yana ciki ba, ko sunansa ba ta faɗa. Ta tsaya bakin taga ta kawar da kai, ta ce, "Majo, useni, don Allah, ka zo ka duba mai gidan. Bawalinsa ya koma kamar shayi." Na bi ta. Na fito da shi rana na ja fatar idonsa ƙasa, na ga farin idon ya koma rawaya shar. Shawara ce. Na ce ya kwanta, kada in ƙara ganinsa a likita, aikinsa ni zan yi.

Ranar farko da na tsoma hannuna a tasar nan, sau biyu allura ta soke ni. Na yi ashar, na tsotse, na ci gaba. Kashegari sau uku. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, kai, Baffa ya iya aikinsa, ni ne ban iya ba. Da takardar shaidata a rataye a bango, iyakar abin da kaina ya ba ni ke nan.

Mako na uku ƙanensa Gide ya iso daga kudu, inda ya kai 'yan awakin da suka rage masa. Shawara ba baƙuwar cuta ba ce a wurinmu, don haka kowa malami ne a kanta. Wata tsohuwa ta kawo jiƙon rawaya, aka ɗura masa, ya amayar. Wani ya ce iskar gawawwakin bayan kasuwa ce ta buge shi. Liman ya aiko da rubutu, wannan ni da kaina na riƙe masa ƙoƙon. Gide kuwa wanzami ya ɗauko, wai a tsaga haƙarƙarin dama inda yake ciwo, a fitar da mugun jini. Nan muka haɗu. Abu ɗaya da na tabbata na sani shi ne, mai shawara in ta yi nisa, jininsa ba ya tsayawa. Na zauna a bakin bukkar na miƙe ƙafafuna.

Gide ya ce, "Kai kullum kana huda mutane da ƙarfe, ba wanda ya hana ka. Mu sau guda za mu tsaga ɗan'uwanmu, ka tare ƙofa?"

Na ce, "In kunka tsaga shi, jinin ba shi tsayawa har shi ƙare. Sai dai ku fara da ni."

Muka yi ta yi har rana ta take, wanzami ya gaji ya naɗe zabirarsa ya tafi. Gide ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa ba, ni ma ba wani magani na kawo ba, hanawa kawai na yi.

Mako na huɗu ya fara barci da rana tsaka, a tashe shi ya koma. Jikinsa ya yi ƙaiƙayi, yana susa har fata na fashewa. Wata safiya na shiga na gaishe shi, ya dube ni bai san ni ba. Sai ya fara kiran shanunsa, waɗanda suka mutu shekara goma da suka wuce, kowace da sunanta, yana yi musu faɗa su matso rijiya. Inna Dije ta rufe fuska da zane. Ni kuwa na san in shawara ta hau kai, abin ya fi ƙarfin ƙaramar likita irin tawa.

Rufe likita a irin wannan lokaci ba ƙaramin abu ba ne, akwai yara masu gudawa a layi. Na bar ungozomar gari tana haɗa musu ruwan gishiri da sukari, muka ɗora Baffa a amalanken jaki muka nufi Gazawa. Jakin ya rame har muna jin nauyin hawa, ni da Gide da Inna Dije a ƙasa muka tafi. A Gazawa na roƙi babbanmu, ya yi mini faɗan barin aiki, sannan ya tura wani ya riƙe mini wurin, Allah ya saka masa da faɗan da taimakon duka. A kasuwar nan Inna Dije ta kwance ƙorenta, jerin ƙore masu zane da ta zo da su gidan aure, waɗanda ko a farin farko ba ta sayar ba. Shekarar kowa sayarwa yake yi, ba mai saye. Abin da aka ba ta ban so in tuna ba. Ni ma na rabu da rediyona.

Direban motar Maraɗi ya ga idon Baffa ya ce ba ya ɗaukar gawa. Na ciro farar rigata ta aiki na sa, na ce ni majo ne, mutumin nan da ransa, kuma da ransa zai sauka. Ya ɗauke mu a baya, kan buhuna. Muka ratsa Agiye da Cadawa, kan Baffa a cinyata, ina ɗiga masa ruwan sukari da cokali duk inda mota ta tsaya. Gefen hanya duk gawar dabbobi ce da mutane masu tafiya kudu da kaya a ka.

A babban asibiti na ɗauka farar rigar za ta buɗe mini ƙofa. Ta kai ni bakin baranda kawai. Ƙarƙashin kowace bishiya marasa lafiya ne a kwance, ma'aikata suna tsallake mutane, idanunsu jajur don gajiya. Tun hantsi muke nan har la'asar. Na yi faɗa da mai tsaron ƙofa, na yi faɗa da mai rubuta suna, kuma har yau ina ganin da gaskiyata, mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba ya bin layi ɗaya da mai ciwon haƙori. Daga ƙarshe wani da muka yi lakol tare ya ji muryata ya gane ni, ya samar mana wurin shimfiɗa tabarma a barandar ɗakin maza, ya jawo mana lokotoro, wato dakta.

Gajeren mutum ne mai furfura. Ya duba ido, ya danna ciki, ya ce Baffa ya miƙa hannuwa, suka yi ta karkarwa. Sai ya kama hannuwan ya juya su. Ya daɗe yana kallo.

"Mine ne aikinsa?"

Na ce shi ke wanke mana allurai.

"Zo ka gani."

Na sunkuya. Kan yatsun nan goma, da tafin hannu, duk ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe, wasu sun warke, wasu a kan wasu, kamar an watsa gero. Shekara huɗu ina gaisawa da wannan hannu kowace safiya, ban taɓa juya shi na duba ba. Lokotoro ya tambaye ni yadda muke wankin, na faɗa masa, har da dabarata ta tasa ɗaya. Ya ce a watannin nan na yi wa masu rawayan ido allura? Na ce da yawa, cikin mutanen bayan kasuwa.

Ya ce, "Wannan ita ce epatit, irin wadda ke bin jini. Ba zan rantse maka daga ina ya samo ta ba, amma dubi hannun nan ka faɗa mini. Kun dafa allura don wanda za a yi wa. Wa ya dafa ta don wanda zai wanke?" Sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Nuna mini naka." Na miƙa, ya ga sabbin hudojina na mako biyu, ya girgiza kai ya ce in riƙa duba idona a madubi har wata shida.

Ban san lokacin da na fita ba. Na ruga tasha na sami direban da zai koma Gazawa, na rubuta takarda ga wanda ke riƙe mini likita: kada ya sa hannu a tasar nan, ya zubar da ita, ko da layi zai kwana. Sannan na dawo na zauna gefen tabarmar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, sai dai ba lokacin zaman kunya ba ne, lokotoro ya ce babu maganin da ke kashe cutar, sai dai a riƙe mutum har hantarsa ta farfaɗo, in Allah ya so. To, na ce, riƙo kam za mu riƙe.

Suka sa masa ƙarin ruwa kwana uku, daga nan ya ƙare a asibitin, sai mu sayo a gari in an samu. Sauran aikin namu ne. Kunu tsararo ba mai, ruwan sukari cokali-cokali, in ya amayar a jira a sake. Muka raba aiki: Gide juya shi da ɗaga shi, ni ba shi ruwa da ƙirga fitsarinsa, Inna Dije goge masa jiki da tsumma da yanke masa farce don kada ya yage fatarsa. Gide, wanda ba ya gaishe ni, shi ya fara ajiye mini rabin furarsa. Mutum biyu suka rasu a barandar nan kusa da mu a cikin makon. Kowane aka ɗauke, sai in ƙara matsowa da cokalina.

Wata rana da azahar na tarar da Inna Dije a gindin bishiya tana tace kunu. Na ce, "Inna, kin san da hannun nan?"

Ta ce, "Na sani. Da ina shafa masa man shanu da yamma, bana ko man babu. Na ce ya faɗa maka. Ya ce shi da ya sha bulalar sharo gaban 'yan mata bai motsa ba, shi zai kai ƙarar tsinke wurin yaro?"

Ta ci gaba da tacewa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Amma Majo, mu ko ƙuda ya faɗa nono ba mu sa hannu. Da ludayi muke fiddawa." Ba wanda ya taɓa koya mini aikina kamar matar nan a wannan rana, kuma ko harafi ba ta sani ba.

Kwana tara yana tsakanin nan da can. Rana ta goma da safe ina bakin baranda ina zazzaga wa wani mai shara masifa, don ya watsa ruwan datti kusa da tabarmarmu. Ina cikin yi na ji wata 'yar murya a bayana.

"Majo... allura biyu."

Na juyo. Idonsa a buɗe, rawaya har yanzu, amma ni yake kallo, kuma ya san ni. Na durƙusa na fashe da kuka a gaban mai sharar da nake zagi. Gide ya yi ta kabbara, Inna Dije ta tashi ta bar wurin don kada a ga fuskarta.

Da ya fara zama da kansa na ce masa, "Baffa, ni na sa ka cikin wanga hali. Ka yafe mini."

Ya ce, "Munyal, Majo, haƙuri. Allah ne."

Na ce, "Allah ne, amma tasar tawa ce."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "To bakin da ya yi shiru kuma nawa ne."

Na riga su komawa. Abin da na fara yi shi ne neman gwangwanin man taimako, na huhhuda gindinsa da ƙusa, na yi masa mariƙi da waya. Shi ke zama cikin tasa, a cikinsa nake jefa allura. In sun taru a ɗaga gwangwani, ruwa ya tsiyaye, a juye a faranti, a ɗauka da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Ludayin Inna Dije ke nan, kuma ko ɗigon ruwa bai ƙara mana ba. Duk taron majo-majo da aka kira a Gazawa da gwangwanina nake zuwa, har suka sa mini suna da shi. Wasu suka yi dariya, wasu suka kwaikwaya. Na rubuta wa manyanmu ina neman ƙarin hantsaki da safar hannu mai kauri, amsa ba ta zo ba sai bayan shekara. Idona kuwa na duba shi wata shida a madubin Ramatu, Allah ya tsare ni, ba don wayona ba.

Bayan wata biyu Baffa ya dawo neman aikinsa, ya rame kamar sanda. Na ce akwai sharaɗi. Daga yau duk wanda allura ta soka a likitar nan, ni ko shi, zai faɗa da ƙarfi nan take, a tsayar da aiki, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ba tsotsa, a rubuta allurar wa ce.

Ya ce, "In ce wayyo gaban mata?"

Na ce, "Ban ce ka ce wayyo ba. Ka kira ni."

Ya ce zai duba. Na san fulako, ba abin da ake cire wa mutum da takarda ba ne. Don haka da wani yaro ya fizge ƙafa allura ta kama ni a babban yatsa, na daure na ɗaga murya gaban kowa na ce ta soke ni, na fita na wanke da moɗa guda cur. Mata suka yi ta gunaguni a kan ruwan. Baffa yana gefe yana kallo.

Ya ƙara shekara tara a duniya, mafi yawansu muna tare. Daga baya cikinsa ya kumbura, aka ce hantar ce ba ta manta ba, ya rasu a bukkarsa, Allah ya jiƙansa. Ku na yanzu kuna da allurar da ake yarwa, da akwatin jefa ta, da rigakafin wannan shawara, da maganin da ake fara sha da wuri saboda cututtukan da mu ko sunansu ba mu sani ba. Ku karɓi rigakafin, ku daina mayar wa allura marufi da hannu biyu, kuma ku juya hannun masu yi muku shara ku duba. Kayan aiki sun canja, amma gaggawa da jin kunya suna nan yadda na bar su, na gan su a yatsan ɗiyata ranar Juma'a.

Makonni kaɗan bayan dawowar Baffa, ranar kasuwa, ruwan sama ya fara amma rijiya ba ta ji ba tukuna, garwa ɗaya dai muke da ita. Ina duba kunnen wata yarinya sai na ji layi ya yi tsit. Na ɗaga kai. Baffa ne tsaye a bakin ƙofa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ɗigon jinin da ke kai bai kai ƙwayar gero ba. Wata allura ce ta maƙale a hudar gwangwani, bakinta ya leƙo ta ƙasa. Ya buɗe baki, ya rufe. Gumi ya keto masa. Sannan ya ɗaga murya, irin wadda yake kiran shanu da ita.

"Majo! Ta soke ni!"

Wata tsohuwa a layi ta tafa hannu ta ce, "Yau mun ga abu! Bafillace na kai ƙarar allura!" Layi ya kwashe da dariya. Na ajiye abin da ke hannuna, na kama shi muka fita, na cika moɗa na fara zuba masa yana cuɗawa da sabulu. Bai sunkuyar da kai ba. Ya dubi tsohuwar ya ce, "Yi dariyarki, Inna. Wancan karon na yi shiru, saura kaɗan matata ta shiga takaba."

Dariyar ta tsaya. Moɗar ta ƙare, na tsaya ina kallon ɗan abin da ya rage a garwa. Ya miƙo yatsan ya ce, "Ƙara ruwa, Majo."

Na ƙara.